Ranar da Aka Auna Iskar Ƙodata

Kun ishe ni da tambaya ɗaya a akwatin saƙo: "Yusra, kin ba shi ƙodar ko ba ki ba shi ba?" Wata ma har zagina ta yi, wai ina ja muku rai. To ku gyara zama. Yau zan gaya muku abin da ya faru ranar Alhamis ɗin nan.

Ga waɗanda suka shigo mana yanzu, ni ce autar marigayi Alhaji Saleh na unguwar Limanti a Maiduguri. Ciwon ƙoda ne ajalin Abba. Ba mu gama share hawayensa ba ciwon ya sauka a kan Ya Adam, babban wanmu, wanda ya gaji harkar Abba a Kasuwar Shanu. Mutumin da yake kama ƙahon bijimi ya durƙusar da shi, yanzu sai an tallafe shi yake shiga keke napep zuwa wankin ƙoda. Likitoci suka ce dashe ne mafita. Aka gwada jinin 'yan gidanmu kaf. Nawa kaɗai ya dace.

Tun daga ranar Ammi, mahaifiyarmu, ta daina kirana Yusra. Sai "Rahamar gidan nan". Ko tsintsiya na ɗauka sai ta ƙwace. Ba ta taɓa tambayata ko na yarda ba, ni ma ban taɓa cewa ban yarda ba.

Sai kuma Umair.

Umair shi ne mai sarrafa na'urar MRI a asibitin da muke zuwa, babbar na'urar nan mai kama da rami da ake tura mutum ciki a ɗauki hoton cikinsa. A can muka haɗu lokacin jinyar Abba, ranar da ya fito ya ba ni kujerarsa don ya ga ina neman faɗuwa. Har an kai gaisuwar iyaye. Amma da labarin dashe ya isa gidansu a Bulabulin, Hajja, mahaifiyarsa, ta aiko da magana ɗaya: ba za ta aura wa ɗanta mace mai ƙoda ɗaya ba, da me za ta ɗauki ciki? Umair ya kawo mata bayanin likitoci har ya gaji. Ta ce ita ba likita ta haifa wa ɗa ba.

Ana cikin haka Dokta Dzarma, babban likitan Ya Adam, ya kira mu ofishinsa ni da Ammi. Dattijo ne ɗan kudancin Borno, mai furfura a gira, ba ya gaggawar magana.

"Hajiya, saura gwaji ɗaya. Ina so in auna iskar da ke cikin naman ƙodar Yusra."

Ammi ta gyara laffayarta. "Iska kuma? A ƙoda? Ai na ɗauka huhu ke da iska."

"Huhu ke karɓa, jini ya raba wa kowa. Ita ƙoda tana da bawo, tana da tsakiya. Tsakiyar nan a takure take rayuwa, aiki da yawa, iskar oksijin kaɗan. Muna zargin idan ƙoda za ta lalace, iskar ce ke fara yin ƙasa tun kafin gwajin jini ya nuna komai. Shi muke bincike a kai."

Na ce, "Dokta, ta yaya ake aunawa?"

"A ɗakin bincike, wata allura ce siririya kamar gashi ake sokawa cikin ƙodar ɓera."

"A'uzubillahi!" Ammi ta dafe ƙirji. "'Yata ba ɓera ba ce."

Ya yi murmushi. "Shi ya sa ba za mu soke ta ba. Wanda ke kwance da robar fitsari, ana iya auna iskar a fitsarinsa. Ita kuwa hoto kawai za a yi mata. Na'urar maganaɗisu ce. Jinin da ya riga ya sauke iskarsa tana ganinsa daban da wanda ke ɗauke da ita, sai ta zana mana da launi." Ya dube ni ta saman tabarau. "Ba dole ne a yi wa mai bayarwa wannan ba, kina iya ƙi. Amma gidan da ciwon nan ya taɓa mutum biyu, ba na sa hannu a yanka na uku sai na ga iya abin da zan iya gani. Kada ki ci abinci da safen. Ruwa kuwa ki sha, za a ƙara ba ki wani a nan. Ƙishi yana ɓata hoton."

Ku riƙe wannan maganar ta ƙarshe. Umair ma, da yake aikinsa ne, ya san da ita.

Ranar Laraba bayan la'asar ina tsakar gida ina turara kayan da zan sa, hayaƙin turaren wuta yana tashi ta ƙarƙashin kabbasa, kwandon turara kaya, wayata ta yi ƙara, saƙon Umair ya shigo.

"Yusra, ke kaɗai ce?"

"Eh. Lafiya?"

"Ki karanta a nutse. Daga yanzu kada ki ƙara shan komai. Gobe nas ɗinmu, Sista Phoebe, za ta ba ki gorar ruwa a ɗakin canza kaya. Ki juye a bahon wanke hannu. Da zafin garin nan, ƙodar da ta kwana da ƙishi za ta nuna ƙarancin iska. Oga Dokta zai tsorata, ya cire sunanki."

Na karanta, na sake karantawa. Garwashin ya fara ƙona bakin ɗankwalina ban sani ba.

"Umair, me kake cewa?"

"Ina cewa ba wanda zai ce kin ƙi ɗan'uwanki. Likita ne ya hana. Hajja ta sauko, mu yi aurenmu. In ya tambaye ki, ki ce kin sha."

"Ya Adam fa?"

"Za a samu wani."

"Wa?"

Na ga alamar yana rubutu. Ta ɓace. Ta dawo. Ta sake ɓacewa.

"Ki goge saƙonnin nan. Wallahi don ina sonki ne."

Masu karatu, da zan ce muku na fusata na zage shi, da na yi ƙarya. Abin da na ji wani sanyi ne ya ratsa ni, irin na wanda aka nuna wa ƙofar baya a gidan da ke cin wuta. Ina tsoron wuƙa. Ina tsoron in kwanta ban tashi ba. Kuma ina son Umair, son da ko sunansa aka kira a titi sai na waiwaya. Na goge saƙonnin. Ban ce masa eh ba, ban ce a'a ba.

Da asuba Ammi ta bi ɗaki ɗaki tana buga ƙofa. "Ku tashi ku yi sahur. Yau duk gidan nan azumi za a yi, Allah ya sa hoton ya yi kyau." Ta ajiye burabusko da miya a tsakiyar tabarma, ga shayi a buta yana ƙamshin kanumfari. Ban taɓa abincin ba. Ruwa na dinga sha, kofi bayan kofi, ina ce wa zuciyata ai wannan sahur ne kawai, ba shawara na yanke ba.

"Ammi, ni fa likita ya ce sai na sha ruwa a asibiti."

"Likita ne ya halicci ƙodar?"

"A'a, amma…"

"Ke za a ɗauka hoton, ke ya fi kamata bakinki ya kasance da azumi. Ɗan ruwan da kika sha yanzu ya isa raƙumi."

Kun ji ikon Allah. Ammi da Umair, mutum biyu da ke jan hannuwana gabas da yamma, ranar nan abu ɗaya suke so in yi. Da na bi, ko a gaban Ubangiji ina da abin faɗa: uwata ce ta ce in yi azumi.

Na yi wanka na sa doguwar riga ruwan toka, na naɗa laffaya mai launin zuma wadda Umair ya ce tana yi mini kyau, na soke ta da fil a kafaɗa. Na zizara kwalli, na shafa humra a wuya. Kafin in fita na leƙa ɗakin Ya Adam.

Yana jingine da filo, ƙafafunsa sun kumbura sun yi sheƙi, fatarsa ta yi duhu kamar an shafa toka. Mai wankin ƙoda ba a barinsa ya sha ruwa yadda yake so, ɗan ƙaramin kofi ake auna masa na wuni guda. A Maiduguri, a watan zafi. Matarsa, Anti Zaratu, ta naɗe ƙanƙara a tsumma, yana tsotsa kamar jariri.

"Auta, an yi kwalliya. Hoton ƙoda za a ɗauka ko na aure?"

"Kai Ya Adam."

"Ki gaishe mini da surukin nawa mai rami." Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya kalli randar da ke bakin ƙofa, ya daɗe yana kallonta. "Kin san abin da zan fara yi in an gama aikin nan? Ba kasuwa zan je ba. Moɗa zan cika a randar can, in shanye a tsaye, in sake cikawa." Ya juyo gare ni. "Auta, in kina tsoro ki faɗa mini. Ni ba Ammi ba ne."

Na ce, "Ba na tsoro." Na fita da sauri don kada ya ga fuskata.

A asibiti Sista Phoebe ce ta karɓe ni, wata gajeriyar mata mai fara'a da ba ta rabo da waƙar coci a ƙasan maƙoshi.

"Lale amaryarmu. To, a tuɓe. Duk wani ƙarfe a ajiye, na'urar nan mayya ce. Fil ɗin laffaya, 'yan kunne, na hancin ma. Me ke cikin kitson nan? Cire. Ki wanke kwallin."

"Har kwalli, Sista?"

"Har shi. Ku 'yan Limanti in an bar ku da tukunyar turare za ku shiga." Ta miƙa mini rigar asibiti shuɗiya da gorar ruwa. "Ki shanye tas. Zan dawo in ga gorar."

Ta ja ƙofa. Ga ni, ga madubi, ga bahon wanke hannu. Fuskata ba kwalli, ba ɗan kunne, kamar wadda aka yi wa rasuwa. Wayata ta yi haske a kan laffayar da na ninke, saƙon Umair ne.

"Na ga shigowarki. Ki tuna."

Na buɗe gorar. Na karkata ta a kan bahon, har ɗigo ya zuba, na ji ƙararsa. Ruwa mai sanyi, gorar har tana gumi a hannuna. Sai na ga tsumman nan a bakin Ya Adam. Ban yi wani dogon tunani ba, kada ku ɗauke ni waliyyiya. Hannuna ne kawai ya ƙi. Na ce, "Allah ka yafe mini azumin, zan rama." Na kafa kai na shanye, ina sha ina kuka, ruwan yana bin haɓata. A raina na yi sallama da Umair a wurin nan.

Sista Phoebe ta dawo, ta girgiza gorar, ta sa mini allurar roba a bayan hannu, ta kai ni.

Ɗakin sanyi kamar firji. Suka kwantar da ni, suka ɗaura mini wani faifai a ciki, suka toshe mini kunne, gadon ya zarce da ni cikin ramin. Rufin yana dab da hancina. Na tuna Abba, na tuna inda muka kai shi, na runtse ido. Sai ƙara ta fara, kamar maƙera suna dukan ƙarfe a cikin kaina.

Sai muryar Umair ta fito ta lasifika, a tausashe, irin wadda yake kirana da ita a waya.

"Malama Yusra, ja numfashi. Fitar. Riƙe. Kada ki motsa."

Na riƙe.

"Saki. Sannu. Za mu sake."

Haka muka yi ta yi. Shi yana ba ni izinin numfashi, yana karɓewa. Can Sista Phoebe ta shigo ta tura wani magani ta robar hannuna. Ta ce maganin sa fitsari ne, yana sa tsakiyar ƙoda ta ɗan huta da aiki, in ta huta iskarta sai ta ƙaru, za a sake hoto a gani. Aka jira, aka sake. Da aka fito da ni da gudu na nemi banɗaki, Sista tana yi mini dariya.

Na mai da kayana, na soke fil, aka ce Dokta yana kira.

Umair yana tsaye a bayan kujerar Dokta Dzarma da farar rigarsa, hannu a baya, fuska a ɗaure kamar bai san ni ba. Amma na san idonsa. Murna ce a ciki.

Dokta ya juyo mini da allon kwamfuta. "Zauna, 'yata. Wannan ƙodar wani ce mai lafiya. Kin ga bawon, shuɗi, iska ta wadata. Tsakiyar ce kawai ke da ɗan ja." Ya danna. "Wannan taki ce."

Ba sai an yi mini bayani ba. Jan ya fito daga tsakiya ya bazu, ya ci bawon, shuɗin saura ɗan zobe a gefe. Duka biyun.

"Wannan kuma bayan allurar ne. Ya kamata jan ya ja baya. Kin gani? Da ƙyar ya motsa." Ya cire tabarau. "Yusra, zan tambaye ki, ki gaya mini gaskiya. Yau Alhamis, na san gidajenmu. Azumi kike yi? Kin sha ruwan da aka ba ki?"

Umair ya kafe ni da ido.

"Na sha, Dokta."

"Duka?"

"Duka. Da asuba ma na sha da yawa."

Na ga Umair ya sunkuyar da kai yana ɓoye murmushi. Wai na iya ƙarya.

Dokta ya murza goshinsa. "Da hoton ne kaɗai, da na ce na'ura ce, tana kuskure, bincike ne ba hukunci ba. Amma akwai ɗan abin da na gani a gwajin fitsarinki na baya, na ɗauka sanyi ne ya kawo shi. Yanzu ban ɗauka haka ba. Za mu sake komai daga farko, mu ƙara wasu gwaje-gwajen. Idan abin da nake zargi ne, mun kama shi da wuri, akwai abin yi."

Na ce, "Dashen fa?"

"Ba zan ɗauki ƙodarki ba. Ko ɗaya. Kina buƙatar abinki." Ya tausasa murya. "Daga yau ke ma majinyaciyata ce. Ki zo da Hajiya, ni zan yi mata bayani in ba za ki iya ba."

Ban san yadda na fito ba. Na bi doguwar barandar nan, na wuce masu jiran wankin ƙoda a jere a kan benci, kowa da ɗan bargonsa. Da can ina wuce su ne da tausayi. Ranar nan sai na kama kaina ina duba inda akwai wuri a bencin.

A bayan ginin, wajen bishiyar dalbejiya inda ake ajiye babura, Umair ya cim mini. Yana haki, yana dariya ƙasa ƙasa.

"Ban gaya miki ba? Wallahi ni kaina da na ga hoton sai da gabana ya faɗi, ban zaci zai yi ja haka ba. Ke kuma da 'da asuba ma na sha', kai Yusra! Kada ki damu da maganar fitsarin nan, Oga ne da tsoro. In an sake ma mun san abin yi. Na riga na tura wa Hajja saƙo, ta ce gobe kawu zai je gidanku a tsai da rana."

"Umair."

"Ki ɗan yi kuka a gida, kada su gane."

"Umair, na sha ruwan."

"Ke, ba kowa a nan, ki daina." Ya waiga hagu da dama. "Mu biyu ne."

"Na sha. Da asuba na sha, gorar ma na shanye. Ban zubar ba."

Dariyar ba ta tafi lokaci ɗaya ba. A hankali ta dinga zamewa daga fuskarsa. Shi ne ya ɗauki hoton, ya fi ni sanin abin da ya gani. Na ga idonsa ya sauka daga fuskata zuwa cikina, ya tsaya a nan.

"Ki rantse."

"Wallahi."

"Me ya sa?"

"Yayana ne."

Ya buɗe baki zai yi magana, wayarsa ta fara ruri a aljihun farar rigar. Ya ciro. Na ga sunan a rubuce: Hajja. Ya kalli wayar, ya kalle ni. Ina jira ya kashe. Ina jira ya ce, Yusra, zauna, kin ci abinci? Ko da wannan kaɗai.

Ya ja da baya taku ɗaya, ya juya mini kafaɗa, ya ɗaga.

"Na'am Hajja. Eh, an gama." Har nan ina jiyo guɗar da take yi. Sai ya rage murya. "Hajja, maganar kawu… ki ɗan dakata tukuna."

A daidai lokacin tawa wayar ta ɗauki ƙara a cikin jaka. Ammi ce. Na ɗaga don ban san me zan yi da hannuna ba.

"Rahamar gidan nan! Tun ɗazu muke zaune, ko girkin buɗa-baki na kasa ɗorawa. Ga yayanki nan ya hana ni sakat, ya ce in sa a lasifika ya ji da kunnensa." Na ji motsin filo, na ji numfashinsa mai nauyi ya matso kusa da wayar.

"Auta," in ji Ya Adam. "Yaushe ne aikin?"